Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Tsokaci A Kan 'Yan Ƙwallon Ƙananan Rukunai

Gabatarwa

Duk wanda ya san garin Gombe ya san yadda yammacin Asabar da Lahadi suke kasancewa idan kakar wasa ta kankama. Tun daga Jekadafari har Tudun Wada, daga Bolari zuwa Pantami, da wuya ka wuce layi biyu ba ka ji ƙugin janareto da ihun matasa daga cikin gidan kallon ƙwallo ba. Wani ɗan Arsenal ne, wani ɗan Chelsea, wani kuma ba ya ji ba ya gani in dai a kan Manchester United ne.

Kwanakin baya, bayan an tashi daga kallo, muna zaune a teburin mai shayi da wasu abokai, sai wani daga cikinmu ya shiga lissafo 'yan wasan ƙungiyarsa ta Ingila, har da na benci, har da kuɗin da aka sayi kowannensu. Da ya gama sai na ce masa, "To aboki, lissafo mini mutum biyar kacal da suka taɓa buga wa Gombe United." Ya kawo biyu, ya tsaya yana sosa ƙeya, can sai ya ce, "Haba malam, wa yake ta 'yan dagaji?" Kowa ya bushe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa ta yaƙe ce, domin ko ni da na yi tambayar ba zan iya cika biyar ɗin ba.

Wannan zance shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, mun ɗauki daɗin ƙwallon Ingila mun bar darasinsa. Abin da ya riƙe ƙwallonsu shi ne mutuncin da suke bai wa ɗan wasan ƙaramin rukuni: su biya shi, su je kallonsa, su rubuta tarihinsa. Mu kuwa namu ko sunansa ba mu riƙe ba. Kuma ina ganin mu ɗaliban harshe muna da kason laifi, muna kuma da kason gyara.

Labarin Wani Ɗan Dagaji

Bari mu fara da labarin wani ɗan wasa na Ingila wanda bai taɓa buga ko da minti ɗaya a gasar Firimiya ba. Sunansa Adebayo Akinfenwa. An haife shi a birnin Landan a shekarar 1982, iyayensa kuma 'yan Nijeriya ne. Tun yana matashi ake ce masa jikinsa ya yi wa ƙwallo girma, domin ƙato ne majiyi ƙarfi, wanda in ka gan shi sai ka ce ɗan kokawa ne. Da bai sami gurbi a gida ba sai ya tafi ƙasar Lituwaniya, ya buga wa wata ƙungiya mai suna Atlantas, inda ya sha zagin wariyar launin fata daga 'yan kallo. Daga nan ya koma Barry Town ta yankin Wales, ita kuma ba a daɗe ba talauci ya kama ta, ta sallami 'yan wasanta.

Sai ya shiga yawon neman abinci daga wannan gari zuwa wancan: Boston United, Leyton Orient, Rushden and Diamonds, Doncaster Rovers, Torquay United. A Swansea City ya ɗan sami wurin zama, har ya ci ƙwallon da ta ba su kofin ƙananan ƙungiyoyi a 2006, amma a shekarar da ta biyo baya ya karye a ƙafa. Da ya warke ya wuce Millwall, sannan Northampton Town, sannan Gillingham, ya sake komawa Northampton, ya sake komawa Gillingham, kafin ya sauka a AFC Wimbledon a 2014.

A watan Mayun 2016, a filin Wembley, ya ci bugun fenareti a wasan da Wimbledon ta doke Plymouth Argyle da ci biyu da nema, ta haye rukuni na uku. Abin mamaki, wannan shi ne wasansa na ƙarshe a ƙungiyar, domin kwantiraginsa ya ƙare. A gaban 'yan jarida, gumi bai bushe ba, ya faɗa wa duniya cewa shi yanzu ba shi da aiki, duk kocin da yake buƙatarsa ya tuntuɓe shi ta WhatsApp. Wycombe Wanderers ta ɗauke shi. A 2020, yana da shekara 38, ya taimaka mata ta hau rukuni na biyu a karon farko a tarihinta. Ya rataye takalmansa a 2022 yana da shekara 40, bayan ya zura ƙwallaye fiye da 200 a rayuwarsa ta wasa.

Mai karatu, ka lura da abu guda. Ni da nake zaune a Gombe na iya ba ka wannan labari shekara bi shekara, ƙungiya bi ƙungiya, alhali mutumin bai taɓa zama zakaran duniya ba. Dalili kuwa shi ne, a can duk wasan da aka buga, komai ƙanƙantarsa, akwai wanda ya zauna ya rubuta wa ya shiga, wa ya fita, wa ya ci, a minti na nawa. Shi ya sa ɗan dagajinsu yake da tarihi, namu kuwa sai dai a ce "akwai wani yaro da aka yi a nan, ƙafar hagu gare shi," shi ke nan.

Tsanin Da Ya Riƙe Shi

Gasar Firimiya da muke raba dare muna kallo ƙungiyoyi 20 ne kawai a cikinta, kuma a 1992 aka fara ta. A ƙarƙashinta akwai rukunai uku, kowanne da ƙungiyoyi 24, wato jimilla 92 ke nan. Tushen waɗannan rukunai kuwa tun 1888 aka kafa shi da ƙungiyoyi 12. A ƙarƙashin 92 ɗin nan ma akwai wasu matakan bila adadin, har zuwa ƙungiyoyin ƙauye. Kowane mataki a haɗe yake da na samansa kamar tsani: wanda ya yi ƙoƙari ya hau, wanda ya yi sake ya sauko.

Wannan tsani shi ya fito da Jamie Vardy, wanda kowane mai shiga gidan kallo ya san sunansa. Sheffield Wednesday ta sallame shi yana ɗan shekara 16. Ya koma wata 'yar ƙaramar ƙungiya, Stocksbridge Park Steels, ana ba shi fam 30 a mako, yana haɗawa da aiki a masana'antar ƙera kayan ɗaurin karaya. Daga nan ya hau Halifax a 2010, Fleetwood a 2011, sai Leicester City ta saye shi a 2012 a kan fam miliyan ɗaya. A 2016 ya ɗauki kofin Firimiya da ita, shekarar da ɗan'uwanmu Ahmed Musa ya je ya same shi a can. Da a ce matakan ƙasa a ruɓe suke, da Vardy ya ƙare a masana'anta, ba wanda zai taɓa jin ɗuriyarsa.

To amma Vardy ɗaya ne a cikin dubu. Mafi yawan 'yan wasa irin Akinfenwa ne, ko ma waɗanda ba su kai shi suna ba. Abin da ya sa suke iya shafe shekara goma sha biyar ko ashirin suna cin abinci da ƙafarsu abubuwa uku ne. Na farko, kwantiragi yana da daraja, kuma suna da ƙungiyar ƙwadago tun 1907 da take bin musu haƙƙinsu. Na biyu, mutanen gari suna ɗaukar ƙungiyar garinsu tamkar kayan gado, uba ya kai ɗansa filin da kakansa ya kai shi. Na uku shi ne rubutun da na ambata.

Misalin na biyun shi ne ita kanta AFC Wimbledon. A 2002 aka amince wa masu tsohuwar ƙungiyar Wimbledon su ɗauke ta su kai wani gari mai suna Milton Keynes. Magoya baya ba su tsaya kuka ba. Suka haɗa kuɗi suka kafa tasu, suka fara daga rukuni na tara, kuma zuwa 2011 sun hau cikin 92 ɗin nan. Ba kuma ina cewa Ingila aljannar ƙwallo ba ce. A 2019 an kori Bury, ƙungiyar da aka kafa tun 1885 kuma ta taɓa cin kofin ƙalubale sau biyu, saboda bashi da rashin iya biyan albashi. Bambancin shi ne, da abin ya faru ƙasar ta girgiza, har majalisar dokoki ta tsoma baki. A wajenmu ƙungiyoyi nawa ne suka mutu ba a ko yi musu zaman makoki ba?

Mu Dawo Gida

Mu ma muna da namu tsanin, aƙalla a takarda. Akwai babbar gasa mai ƙungiyoyi 20, akwai rukuni na biyu, akwai na uku. Gombe United ta san hawa da saukar wannan tsani fiye da kowa. Ta faɗo a 2019, ta sake hawa a 2021. A 2022 Doma United ta bi sawunta, aka wayi gari Gombe tana da ƙungiyoyi biyu a babbar gasar ƙasa, dukansu suna karɓar baƙi a filin wasa na Pantami. Ba kowane gari ne yake samun wannan gata ba. A 2024 kuwa duka biyun suka faɗo a lokaci guda. Ina roƙon mai karatu ya tambayi kansa tsakani da Allah: a waccan shekarar, wanne ya fi ci masa rai, faɗowar ƙungiyoyin garinsa biyu, ko rashin cin kofin ƙungiyarsa ta Turai?

Idan aka bar ƙasan tsani babu mai kallo, babu mai rubutu, to ɓarna ce take samun wurin zama. Mu tuna abin da ya faru a Bauchi a watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa na ƙananan ƙungiyoyi. Plateau United Feeders da Police Machine suna takarar gurbi ɗaya, kuma yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Aka tashi wasa ɗaya 79 da nema a kan Akurba, ɗayan kuma 67 da nema a kan Bubayaro ta nan Gombe. Kafin hutun rabin lokaci bakwai da shida ne kawai aka ci, sauran duk a zagaye na biyu aka kwarara su. Labarin ya zaga duniya, aka yi ta yi mana dariya, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan buga ƙwallo har abada, ƙungiyoyin huɗu kuma aka dakatar da su shekara goma. Ban wanke kowa ba. Amma ina da yaƙinin cewa irin wannan ba ya yiwuwa a filin da ya cika da mutanen gari, ga kuma masu alƙalami a zaune suna rubuta sunan kowa. Ɓarawo ba ya son farin wata.

Sannan mu dubi abin da ɗan wasanmu yake fuskanta kafin ma ya taka fili. Daga Gombe zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, kuma galibi a mota ake yin tafiyar, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, suka jikkata 'yan wasa biyar. A watan Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Lafiya, ya rasu. Batun riƙe wa 'yan wasa albashi na watanni kuwa tsohon ciwo ne a ƙwallon Nijeriya, musamman da yake yawancin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, cinsu da shansu ya rataya a kan ra'ayin wanda yake kan kujera. Mutumin da ya jure wa duk wannan ya fito fili ya yi minti casa'in a ranar Gombe, shi muke kira ɗan dagaji muna dariya.

Masu Cewa Ba Daɗi

Na san abin da za a ce mini, domin na sha ji. Za a ce wasan gida ba daɗi, fili ba kyau, alƙalan wasa ba adalci, mai gida ne kullum yake ci, wani lokaci ma a tashi da jifa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan ce wa kowa ya daina kallon Firimiya ba, ni kaina ina kallo. Amma ina so a lura cewa mutumin Wycombe ma ya san wasan ƙungiyarsa bai kai na Liverpool daɗi ba. Yana da talabijin a ɗakinsa. Duk da haka yakan sa rigar sanyi ya tafi filin garinsu, domin ya san in bai je ba babu mai zuwa masa. Kuɗin ƙofarsa shi ne albashin ɗan wasa, idonsa kuma shi ne mai gadin alƙali. Mun tsaya muna jiran wasa ya gyaru kafin mu je, alhali zuwan namu yana cikin abin da zai gyara shi. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wasu kuma za su ce ai burin kowane yaro ya tafi Turai, don haka ɓata lokaci ne a tsaya kan na gida. To daga ina mai tafiya Turan yake tashi? Ahmed Musa daga JUTH ta Jos ya zo Kano Pillars, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasa a 2010, kafin a san shi a waje. Ga kuma Rabi'u Ali, wanda ya zauna a gida, ya ɗauki kofin gasar ƙasa da Pillars sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, ya ci gaba da taka leda har bayan ya haura shekara arba'in. Wannan shi ne Akinfenwan mu, har ma ya fi shi kofuna. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A cikin yara ɗari da suke buga ƙwallo ba takalmi a filayen makarantun firamare na Gombe, da wuya a sami ɗaya da zai ga Turai. Sauran fa? In ƙwallon gida ba sana'a ba ce mai mutunci, to mun yaudare su ne kawai.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

A nan ne zancen ya iso ƙofarmu. Ba mu da ikon biyan albashi, ba mu da ikon gyara hanya, amma abu na uku, wato rubutu, sana'armu ce.

Mu fara da kalmomin da muke amfani da su. "'Yan dagaji" muke cewa, ko "gasar gajiyayyu." Duk ɗalibin da ya zauna a ajin ilimin ma'ana ya san kalma tana ɗauke da hukunci. Dagaji yana nuna wanda yake yin abin da bai iya ba, gajiyayye kuma wanda ya kasa. Da zarar ka liƙa wa mutum wannan suna ka gama yanke masa hukunci tun bai taɓa ƙwallo ba. Me zai hana mu saba wa bakinmu da "rukuni na biyu" da "rukuni na uku," mu bar raha a teburin mai shayi? Harshen da ya iya ƙirƙiro "taka leda" da "bugun daga kai sai mai tsaron gida" da "kunnen doki" da "canjaras" bai gaza samar da sunan mutunci ga ɗan wasan gida ba.

Na biyu, kowace shekara muna rubuta kundayen kammala digiri. Muna nazarin waƙoƙin 'yan dambe da kirarin 'yan kokawa da na mafarauta, kuma hakan daidai ne, domin da magabatanmu a wannan fanni ba su bi makaɗa da rikoda ba, da yau ba mu san su Shago da Ɗandunawa ba sai a bakin tsofaffi. To filin ƙwallo ma dandali ne na adabin baka. Akwai kirari, akwai zambo, akwai habaici, akwai laƙabobin da 'yan kallo suke raɗa wa 'yan wasa, akwai waƙoƙin magoya baya da kiɗansu, akwai salon masu sharhi a rediyo. A Gombe ma abin ya fi armashi, domin a kan benci ɗaya za ka ji Hausa ta cuɗanya da Fulatanci da Turanci da sauran harsunan jihar. Wannan taska ce ga mai nazarin walwalar harshe, kuma tana nan a Pantami, kuɗin acaɓa kawai za ta ci maka.

Na uku, tsofaffin 'yan wasa suna nan a cikinmu. Wasu suna kasuwa, wasu suna koyar da yara a filayen unguwa, wasu suna zaune a gida da ciwon gwiwa. Kowannensu yana ɗauke da labarin garuruwan da ya zaga, da ƙungiyoyin da suka ci amanarsa, da ranar da ya fi farin ciki a rayuwarsa. Yanzu da kowane ɗalibi yake da waya mai ɗaukar murya a aljihunsa, ba mu da uzuri. Ina ba da shawara ga shugabannin wannan mujalla tamu da su ware shafi ɗaya a kowace fitowa domin hira da tsohon ɗan wasa guda, a rubuta sunansa da izininsa, da ƙungiyoyin da ya buga wa, da shekarun. In aka yi haka shekara goma, za a tara abin da babu wani ɗakin karatu da yake da shi.

Kammalawa

A taƙaice, abin da nake ƙoƙarin nunawa shi ne, Akinfenwa bai fi 'yan wasanmu hazaƙa ko juriya ba. Abin da ya fi su shi ne ya faɗo a ƙasar da take biyan ƙaramin ɗan wasa, take zuwa kallonsa, take rubuta sunansa. Biyan yana hannun masu mulki da masu ƙungiyoyi, kuma wajibi ne a ci gaba da yi musu tuni. Zuwa kallo da rubutu kuwa a hannunmu suke.

Shi kuwa abokina na teburin mai shayi, mun yi alkawari da shi cewa wasan gida na gaba tare za mu je Pantami. Shi zai biya kuɗin ƙofa, ni kuma in zo da littafi da biro. In Allah ya kai mu, zan sake yi masa waccan tambayar a hanyarmu ta dawowa, kuma ina fata a wannan karon ni da shi duka za mu cika biyar.